Daga Fatun Birnin Sana'a Zuwa Ta Kuri: Yadda Nazarin Tarihin Alƙur'ani Ya Sauya a Jami'o'in Turai

A watan Yulin 2015 labari ya karaɗe rediyo da wayoyin mutane cewa an gano warƙa biyu na Alƙur'ani a ɗakin karatu na Jami'ar Birmingham da ke Ingila, kuma gwaji ya nuna suna cikin mafiya tsufa a duniya. Wasu suka yi ta kabbara, wai ga Turawa nan sun tabbatar da bakinsu. Wasu suka tsuke fuska, suna tambayar abin da ya kai Littafin Allah hannun Nasara har suke gwada shi. Mako guda bai cika ba kowa ya koma harkarsa. A wajen masu nazarin tarihin Alƙur'ani kuwa, warƙoƙin nan biyu ɗan yanki ne na wani sauyi da ya kwashe kusan shekara 40 yana tafiya a hankali.

Karatun da muka saba da shi, na zaure ko na sashen addinin Musulunci a jami'o'inmu, daga imani yake tashi, manufarsa a san hukunci a yi aiki da shi. Wanda ake yi a Landan da Leiden da Barlin da Paris tambayarsa ta tarihi ce: yaushe aka rubuta wannan, a ina, wa ya kwafa daga wa, kuma wace shaida za a ajiye a tebur mai sallah da wanda ba ya yi su duba tare. A da mustashriƙai, wato Turawa masu nazarin Musulunci da ƙasashen Gabas, su kaɗai ke cin kasuwarsu a fagen. Yau Musulmi sun yi yawa a ciki, 'yan Iran da Masar da Turkiyya da sauransu, sai dai ƙa'idar ba ta canza ba. Ba a karɓar "malamina ya faɗa" a matsayin hujja.

Fagen ya daɗe yana tafiya a kan shakka. Ignaz Goldziher, ɗan ƙasar Hungary, ya wallafa nazarinsa kan hadisi a 1890, inda ya ce yawancin hadisai hoton rigingimun ƙarni na biyu da na uku bayan hijira ne aka jingina wa Annabi (SAW). A 1950 Joseph Schacht, Bajamushe, ya ƙara gishiri: isnadi da kansa, in ji shi, daga baya ake ƙera shi a mayar da shi baya. (Wannan Schacht ɗin ya zo Arewacin Nijeriya a shekarar ta 1950 ya zagaya kotunan alƙalai, daga baya ya yi rubutu a kai.) Abin da suke kamawa shi ne tazara. Ibn Ishaƙ ya rasu wajen shekara ta 150 bayan hijira, sirarsa kuma ta hannun Ibn Hisham ta iso mu, wanda ya rasu a 218. Imam Bukhari ya rasu a 256. Suka ce to me ya faru tsakanin wafatin Manzon Allah da waɗannan littattafai, kuma wa ya shaida?

A 1977 shakkar ta kai maƙura. John Wansbrough, Ba'amurke mai koyarwa a makarantar SOAS ta Landan, ya fitar da littafi yana cewa nassin Alƙur'ani bai daidaita ya zauna ba sai kusan ƙarshen ƙarni na biyu, kuma a Iraƙi abin ya faru. A shekarar dai Patricia Crone da Michael Cook suka fitar da nasu, suka ajiye riwayoyin Musulmi gefe ɗungurungum, suka gina tarihin farkon Musulunci daga abin da Kiristoci da Yahudawan zamanin suka rubuta da Suryananci da Girkanci da Armeniyanci. Wansbrough bai ɗora da'awarsa a kan wani tsohon mus'hafi da ya riƙe a hannu ba. Dabarun da aka yi amfani da su wajen feɗe Attaura da Linjila ya aro, ya gwada a kan tafsirai.

An mayar da martani, kuma mai nauyi. Muhammad Mustafa al-A'zami, haifaffen Indiya da ya yi digirinsa na uku a Cambridge, ya tattaro shaidar cewa ana rubuta hadisi tun zamanin sahabbai, sannan ya bi hujjojin Schacht ɗaya bayan ɗaya ya warware. Fuat Sezgin, Baturke da ya zauna a Frankfurt, ya fara fitar da katafaren kundinsa na rubuce-rubucen Larabci a 1967. Harald Motzki, shi ma Bajamushe, ya ɗauki Musannafin Abdurrazzaƙ ya nuna cewa in aka jera isnadi da matani tare aka bi bambance-bambancen lafazi, ana iya komawa da riwaya har ƙarni na farko. Duk da haka gardamar ta tsaya ne tsakanin littafi da littafi. Mai shakka yana da mafita kullum: ai wannan ma daga baya aka rubuta shi.

Abin da ya sauya akalar tafiyar yana kwance tun 1972 a cikin buhunan dankali. A shekarar ma'aikata na gyaran Babban Masallacin Sana'a a Yaman, sai suka ci karo da tarin tsofaffin fatu da takardu a wani saƙo tsakanin rufi da silin. Al'ada ce ta Musulmi ko'ina, mus'hafin da ya tsufa ba a yar da shi, ana nema masa wurin ɓoyo. Ma'aikatan suka cusa su a buhuna kimanin 20. Alƙali Isma'il al-Akwa, shugaban hukumar kayan tarihi ta ƙasar, shi ya gane darajarsu ya nemo taimako, gwamnatin Jamus ta Yamma ta ɗauki nauyin gyara daga farkon shekarun 1980. Da aka tsabtace aka jera, sai ga gutsuttsuran fata kimanin 12,000 daga mus'hafai sama da 900. Shekaru suka wuce ba a buga wani abu mai yawa a kansu ba, jita-jita ta cike gurbin. Wata mujallar Amurka ta yi dogon rahoto a 1999 mai nuna kamar akwai wani ɓoyayyen abu a fatun da zai girgiza Musulmi, abin da ya sa hukumomin Yaman suka ƙara ɗari-ɗari da baƙi.

A cikin tarin akwai mus'hafi guda da ya fi ɗaukar hankali. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san in an wanke allo aka shanya, inuwar tsohon rubutu takan rage, musamman in tawadar ta ji ƙaro. Haka wannan fatar take. Fata tsada gare ta a wancan zamani, mus'hafi guda na iya cinye garken tumaki, don haka wani ya wanke rubutun farko ya sake rubuta Alƙur'ani a kai. Da shekaru suka ja, ƙarfen da ke cikin tsohuwar tawadar ya yi tsatsa, rubutun ƙasa ya sake bayyana launin ƙasa-ƙasa. Na sama rasmun Usmani ne da muka sani. Na ƙasa ya ɗan saɓa: wata kalma a madadin wata, gaba da baya a wasu wurare, jerin surorin ma daban, misali Suratu Maryam na biye da Tauba kai tsaye.

'Yan warƙoƙi daga wannan mus'hafi sun sulale zuwa kasuwar gwanjo a Landan, suka faɗa hannun masu tara kayan tarihi. Ɗaya daga cikinsu Behnam Sadeghi da Uwe Bergmann suka samu aka yi wa gwajin kabon, suka buga sakamakon a 2010: kusan tabbas dabbar da aka yi fatar da ita ta mutu kafin shekarar 671 miladiyya. Bayan shekara biyu Sadeghi da Mohsen Goudarzi suka fitar da karatun rubutun ƙasa a mujallar Der Islam. Abin da suka gano bai zo wa malaman ƙira'a da mamaki ba. Irin bambancin da ke ciki ya yi kama da wanda magabata suka rubuta game da mus'hafin Ibn Mas'ud da na Ubayyu bn Ka'ab kafin Sayyidina Usman (RA) ya haɗa mutane a kan guda, kamar yadda Ibn Abi Dawud ya kawo a Kitabul Masahif. Fatar da aka yi ta yayata cewa za ta rushe riwayar Musulmi sai ga ta tana ba riwayar shaida. Batun Wansbrough na ƙarshen ƙarni na biyu a Iraƙi kuwa, ba shi da sauran wurin tsayawa.

Amma a yi hattara da gwajin nan na kabon, don nan masu murnar 2015 suka yi tuntuɓe. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon muddin yana numfashi yana ci. Ran da ya mutu sinadarin zai fara raguwa a kan ma'auni sananne, rabinsa na tafiya cikin shekara kimanin 5,730. In aka yanki ɗan ƙyallen fata aka auna abin da ya rage, za a kintaci lokacin da aka yanka dabbar. Tunkiya ake aunawa ke nan, ba a auna ranar da alƙalami ya hau fatar. Sannan ba shekara guda gwajin ke bayarwa ba, tazara yake bayarwa. Na Birmingham, da aka yi a Oxford, ya ce tsakanin 568 da 645 miladiyya. Farkon tazarar ya riga haihuwar Annabi (SAW), shi ya sa wasu jaridun Turai suka yi tsalle suka ce wai Alƙur'ani ya girme shi, wanda shirme ne tsagwaronsa. Masana salon rubutu, irin su François Déroche na Faransa, sukan ja mutane baya kaɗan, su ce a haɗa da duba hannun marubuci da tsarin shafi. Ko fatar Sana'a, wani ɗakin gwaji a Lyon ta Faransa ya taɓa ba da shekarun da suka riga Musulunci nesa, alhali sauran ɗakuna sun tsaya a ƙarni na bakwai miladiyya. Su kansu warƙoƙin Birmingham, masu ɗauke da yankin Kahfi da Maryam da Ɗaha, ba daga sama suka faɗo ba. Alphonse Mingana, wani masani ɗan asalin Iraƙi, ya tara tarin da suke ciki da kuɗin Edward Cadbury mai kamfanin cakulan, suka yi shekaru a haɗe da wasu warƙoƙin daban har wata ɗalibar digiri na uku, Alba Fedeli, ta lura hannun ba ɗaya ba ne. Sauran warƙoƙin mus'hafin da suka fito daga ciki suna Paris, a ɗakin karatu na ƙasar Faransa.

Hujjar da ta fi burge ni ba ta buƙaci ɗakin gwaji ba sam. A 2019 Marijn van Putten na Jami'ar Leiden ya buga wata maƙala a mujallar SOAS a kan kalma guda, ni'ima. A mus'hafi, "ni'imatallahi" wani wurin da ta kuri ake rubuta ta, wani wurin da buɗaɗɗiyar ta, kuma babu wata ƙa'idar nahawu ko ta ma'ana da ke raba su. A Baƙara aya ta 211 ta kuri ce, a aya ta 231 buɗaɗɗiya. Sai ya ɗauko tsofaffin mus'hafai 14 ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya tarar inda wannan ya buɗe nan wancan ma ya buɗe, inda ya ƙulle nan sauran suka ƙulle. Da a ce shifta ake yi wa marubutan, ko daga ka kowa ke rubutawa, da kowa ya bi son ransa tunda a baki sautin ɗaya ne in an sadar. Dacewarsu na nuna duk daga rubutaccen asali guda aka kwafo su, kuma tunda wasunsu na ƙarni na farko ne, asalin ya riga su.

Na kai wa baffana wannan labari, alaramma ne da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba. Ina ta zumuɗi ina bayani, yana feƙe alƙalami bai ko ɗago ba. Da na gama ya ce, "Wuri goma sha ɗaya ne aka buɗe ta." Ya fara jero su, Baƙara, Ali Imrana, Ma'ida, biyu a Ibrahim, uku a Nahli, Luƙman, Faɗir, Ɗur. Sannan ya dube ni ya ce, "To kai ɗan nan, wannan ne Baturen ya sha wahala a kai? Ai gardin da ya fara harji ma ya san wannan." Na ce, "Allah gafarta Malam, sanin wuraren ba shi ne sabo ba, Imam Dani ya rubuta su kusan shekara dubu da ta wuce, suna cikin Jazariyya ma, waƙar nan ta tajwidi. Abin da ya yi shi ne ya mai da su shaida a gaban wanda bai yarda da Dani ba." Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kuma dabara ce." Ban taɓa jin ya yabi wani Bature fiye da haka ba.

Ba a ce tsugune ta ƙare ba. Asma Hilali ta fitar da nata karatun fatar Sana'a a 2017 tana ganin warƙoƙin ɗalibai ne na koyo, Éléonore Cellard ta amsa mata da shaidar cewa cikakken mus'hafi ne ɗaurarre. Stephen Shoemaker a Amurka ya fitar da littafi a 2022 yana nan a kan cewa zamanin Abdulmalik bn Marwan aka daidaita nassin, yana kuma sukar gwajin kabon. Sai dai dubi inda gardamar ta koma. Da ana maganar shekara 200, yanzu ana jayayya a kan shekara 40 zuwa 50, kuma kowa dole ya zo da lambar warƙa. Shi kansa Michael Cook ya buga maƙala a 2004 da ke nuna cewa 'yan bambance-bambancen da aka ruwaito tsakanin mus'hafan Madina da Sham da Basra da Kufa sun yi tsarin da kwafe na gaskiya ke yi, wanda da wuya wani ya ƙirƙira.

Guguwar ba ta tsaya a fata ba. Masu bincike na yawo a hamadar Saudiyya da Jodan suna karanta rubutun da matafiya suka sassaƙa a duwatsu. Akwai na wani Zuhairu kusa da al-Ula, wanda ya rubuta cewa ya yi rubutunsa lokacin da Umar ya rasu, shekara ta 24 bayan hijira. A Barlin, shirin Corpus Coranicum da aka fara a 2007 ƙarƙashin Angelika Neuwirth ya zuba hotunan tsofaffin mus'hafai a intanet, ciki har da fina-finan hoto da Gotthelf Bergsträsser ya ɗauka kafin yaƙin duniya na biyu, waɗanda aka yi shekaru ana cewa bam ya cinye su alhali suna ajiye. Wasu kuma sun ɗauki dubban littattafan da ke cikin irin su Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, suna sa kwamfuta ta gano wane marubuci ya ɗebo daga wane.

To, a nan gizo ke saƙa. Duk binciken nan ba ya zama "ilimi" a idon fagen sai ya bi ta wata ƙofa, ƙofar kuma a hannun kamfanoni ƙalilan take. Babbansu a wannan fanni shi ne Brill na garin Leiden a Holan, wanda tarihinsa ke komawa 1683. Shi ya buga babban kundin sanin Musulunci, Encyclopaedia of Islam, da kowane ɗalibin fagen a Turai ke fara buɗewa. Bugu na farko ya fito daga 1913 zuwa shekarun 1930 da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci. Na biyu ya ɗauki kusan rabin ƙarni, aka kammala a 2005, da Ingilishi da Faransanci. Na uku da aka fara a 2007 Ingilishi ne zalla. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda harshen fagen ya dosa. A 2024 kamfanin De Gruyter na Barlin, mai buga Der Islam, ya saye Brill, ƙofa biyu suka zama ɗaya.

Ga yadda maƙala ke tafiya. Mai bincike zai aika wa editan mujalla, edita ya cire sunansa ya tura wa masana biyu da shi ma ba zai san su ba. Su karanta, su yi gyara ko su ce a yar. Kai-komon na iya cin shekara, wani lokaci biyu kafin ta fito. Wannan tacewa ita ce darajar abin, kuma ba na raina ta, don ita ke hana mutum ya kwana ya tashi da sabon tarihi. Amma marubucin ba a biyansa, masu tacewar ma ba a biyansu, jami'o'insu ke ba su albashi. Kamfani ya tattara ya sayar wa ɗakunan karatun jami'o'in nan dai a kan kuɗin shekara mai tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafi guda mai bangon kwali sau da yawa yakan haura Yuro 100. Wanda ba shi da jami'ar da ta biya, in ya danna maƙala sai a nuna masa shafin farko a nemi Dala 30 ko 40.

Da aka yi ta kuka sai aka fito da tsarin buɗe rubutu kyauta ga kowa. Littafin van Putten na 2022 kan Larabcin Alƙur'ani haka yake, na Shoemaker ma haka, kowa na iya saukewa a wayarsa. Sai dai kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Yanzu marubuci ko mai ɗaukar nauyinsa ke biya, Dala dubu biyu zuwa uku a kan maƙala a manyan kamfanoni, littafi kuwa ya ninka haka. Mai tallafin Tarayyar Turai ba zai ji a jikinsa ba. Malamin jami'a a Kano ko Yamai ko Khartum an buɗe masa ƙofar karatu, ta rubutu kuma an ƙara mata sakata. Akwai rangwame da wasu kamfanoni ke yi wa ƙasashe matalauta, amma sai wanda ya san da shi ya kuma iya bin takardunsa.

Harshe ma shinge ne ta fuska biyu. Ganim Ƙadduri al-Hamad na Iraƙi ya fitar da babban nazari kan rasmun mus'hafi tun 1982, jami'o'in Masar da Saudiyya da Maroko kuma cike suke da kundaye a kan ƙira'a da rasmu. Ƙalilan ne daga ciki ke shiga gardamar Turai, kamar yadda ƙalilan daga malaman Larabci ke karanta abin da ake bugawa a Leiden. Mujallar nazarin Alƙur'ani da Muhammad Abdel Haleem ya kafa a SOAS a 1999 tana buga Larabci da Ingilishi a bango guda, amma irinta ba su da yawa.

Turkawa ne suka nuna akwai wata hanya. Sun fara da fassara kundin Leiden a 1940, suna gyara suna ƙari. Daga baya gidauniyar hukumar addininsu ta ce gara su yi nasu daga tushe. Daga 1988 zuwa 2013 suka fitar da mujalladi 44, shigarwa sama da 16,000, kowace da sunan marubucinta da madogararta, sannan suka zuba duka a intanet kyauta. Yau Baturen da ke nazarin Daular Usmaniyya ba ya iya tsallake shi. A Istanbul ɗin dai Tayyar Altıkulaç ya yi shekaru yana buga hotunan tsofaffin mus'hafan da ake jingina wa Sayyidina Usman, na Topkapı da na Alƙahira da sauransu, shafi da shafi, kuma bai ji nauyin faɗin cewa binciken ya nuna ba su ne ainihin nasa ba. Wannan gaskiyar ce ta sa ake ambatonsa a kowane ɓangare.

Mu fa? Fagen da ya koma kan takarda da hannun marubuci da ƙidayar harafi ya zo inda muke da jari. A ƙarshen shekarun 1950 A. D. H. Bivar ya ɗauki hoton wasu tsofaffin mus'hafan Barno, ɗaya na ɗauke da shekarar 1080 bayan hijira, wato 1669. Tsakanin layukansu akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, kakan Tarjumo da malaman Barno ke tafsiri da shi har yau. Wanda ya zauna ya yi shekaru yana warware wannan harshe, Dmitry Bondarev, a Landan da Hamburg ya yi aikin. Jerin marubutan ƙasar Hausa da Barno da littattafansu mafi cika shi ne wanda John Hunwick ya tattara, Brill ya buga a 1995, kuma ɗaliban da kakanninsu ke cikin littafin ba kasafai suke ganin bangonsa ba. Ɗakin karatun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, takardu sama da 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba na cewa sata aka yi, kuma a can aƙalla gara ba ta ci su ba. Amma mai son nazarin abin da malamin Kano ke karantawa a tsakiyar ƙarnin jiya, biza yake fara nema.

Laifin ba na waje ba ne duka. An yi zamanin da Ibadan da Zariya ke kan gaba a wannan aiki, lokacin su Abdullahi Smith da shirin binciken tarihin Arewa na shekarun 1960, wanda ya haifar da Gidan Arewa a Kaduna. Har gobe ana tahƙiƙin littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da na malaman da ba a san su ba a sassan Larabci na jami'o'inmu, wasu kundayen ma aiki ne na a zo a gani. Ana kare kundi, a ɗaure kwafi huɗu ko biyar da baƙin bango, a jera a kanta, shi ke nan. Tsarin ƙarin girma ƙidayar maƙaloli yake yi. Wanda ya kashe shekara uku yana gwama kwafi shida na littafi guda zai ga abokinsa da ya yanka kundinsa gida bakwai ya buga a mujallun biya-a-buga ya wuce shi. Irin waɗannan mujallu, da ke karɓar maƙala ranar Litinin su fitar da ita kafin Juma'a, ba sa tace komai, kuma ba wanda ke karanta su ko da a cikin sashen da aka buga su. Gwanayen tsangaya kuwa, masu ilimin da van Putten ya nema a mus'hafai 14, ba su da gurbi a tsarin ko kaɗan, tunda ba su da takardar shaida.

A adakar baffana akwai wani mus'hafi da ya gada, warƙa-warƙa cikin gafaka, ba shekara a jikinsa, ba sunan marubuci. Ya ce na kakan malaminsa ne. Na roƙe shi na ɗaga warƙa guda a rana, sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin takardar, tambarin masana'antun Italiya da fatake ke ratso Sahara da takardarsu a ƙarni na 19. Da wannan tambari da salon hannun, masani zai iya kintatar shekarunsa da yankin da aka rubuta shi. A gefen shafukan akwai ƙananan rubutu da jar tawada, wasu Larabci, wasu ajamin da ban iya karantawa ba, shi ma baffa ya ce ba Hausa ba ce. Na ɗauki hoton shafi talatin da wani abu kafin cajin wayata ya ƙare. Ya mayar da warƙoƙin yadda suke, ya naɗe igiyar gafakar, ya ce in na dawo da sallah ma ƙarasa.